Ranar Raba Aji: Yadda Yaranmu Ke Zaɓen Kwas Ɗin Jami'a Ba Tare Da Sun San Sun Zaɓa Ba

Duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya kama, cibiyoyin da hukumar ta amince da su a Kano da Zariya da Sakkwato da Bauchi kan cika maƙil tun da sanyin safiya. Yara ne 'yan shekara goma sha shida, goma sha bakwai, kowa riƙe da lambarsa ta NIN da 'yar takardar biyan kuɗi, suna jiran layi ya zo kansu. Idan ya zo, wanda ke zaune gaban kwamfuta zai jero tambaya uku, sau da yawa ko ɗaga kai ba ya samun damar yi saboda cinkoso: wace jami'a, wane kwas, waɗanne darussa huɗu? A kan wannan kujera ne dubban yaranmu ke jin labarin da ya kamata a ce sun ji shi shekara uku baya.

A kan irin wannan kujera 'yar yayata ta zauna. Tun tana firamare ba ta da zance sai na zama lauya, har 'yan gida suka laƙaba mata Barista. Yarinya ce mai ƙoƙari, ba ta taɓa wuce ta biyar a aji ba. Ran nan da hantsi sai ga wayarta, murya na rawa: “Kawu, wai ba a karanta lauya sai da litirecha, mu kuma ba a taɓa yi mana ita ba.” Gaskiyarta. Makarantarsu ba ta da malamin adabin Turanci, sai aka cike gurbin da wani darasi, aka yi musu rajistar WAEC a haka. Babu wanda ya faɗa mata, babu wanda ya faɗa wa mahaifanta, ni kaina da ake ganin na yi boko ban taɓa tambayarta darussan da take ɗauka ba. Shekara guda cur ta yi a gida tana zuwa lesin, ta sake zana jarrabawa ta 'yan waje, sannan ta samu abin da take nema. Ita ta yi sa'a, don an iya biya mata. Ƙawayenta biyu da suka faɗa rami ɗaya da ita ba su sake komawa ba.

Tun daga ranar nake bin wannan al'amari, kuma abin da na fahimta shi ne, a tsarin karatunmu ba a ajin ƙarshe ake zaɓen kwas ɗin jami'a ba. An riga an zaɓe shi tun makon farko na babbar sakandare, ranar da aka raba yara zuwa ajin sayans da ajin at da ajin kamasha. Yaron yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar. Ranar ba ta da wani shagali, ba a gayyatar iyaye, a wasu makarantun ma takarda ce kawai ake liƙawa a jikin allon sanarwa.

Yadda ake rabon

Tun farkon shekarun 1980 da Najeriya ta koma tsarin 6-3-3-4, sakandare ta kasu biyu: shekara uku a ƙarama, shekara uku a babba. A ƙaramar kowa yana ɗanɗana komai. Bayan jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku sai hanya ta rabu. A takarda, manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu, wanda aikinsa ne ya zauna da yaro ya duba inda ya fi ƙarfi da inda zuciyarsa ta karkata. A aikace, a yawancin makarantun gwamnati da na shiga, ko dai babu shi, ko kuwa wani malami ne da aka ɗora wa muƙamin a kan darussan da suka riga suka yi masa yawa, ba ofis, ba littafi, ba lokaci.

Saboda haka rabon kan bi wasu hanyoyi. A wata makarantar maki ake dubawa: na sama su tafi sayans, na tsakiya kamasha, ragowar at. A wata kuma yaro ne zai bi abokinsa, don kada a raba su wurin zama. A wata uba ne zai aiko cewa ɗansa likita zai zama, a sa shi sayans, ko da yaron bai taɓa cin rabin maki a lissafi ba. Akwai ma inda yawan benci ke yanke hukunci: aji ɗaya ya cika, sai a tura sauran na gaba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da ajin at juji. A bakin yara da iyaye da wasu malaman ma, sayans na masu kai ne, at na waɗanda suka rasa yadda za su yi. Wannan magana ta lalata rayuka da yawa ta fuska biyu. Ta tura yaran da Allah ya ba baiwar harshe da tarihi da muhawara cikin ajin fiziks, inda suka yi shekara uku suna haddar abin da ba su gane ba, suka fita da F9 a jere. Ta kuma sa waɗanda suka shiga at suka shiga da karyayyar zuciya, suna ganin an riga an yanke musu hukunci. Alhali daga wannan aji ne alƙalai da lauyoyi da 'yan jarida da jakadu da malaman harsuna ke fitowa. Ƙasar da ke kukan shari'a na daɗewa a kotu, da ƙarancin malaman Turanci da na Hausa a makarantunta, bai kamata ta raina ajin da ke samar da su ba.

Ƙofofi uku

Wanda ke son shiga jami'a a Najeriya ƙofa uku zai wuce, kuma kowace da makullinta daban.

Ta farko ita ce takardar kammala sakandare, ko ta WAEC wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO da ta zo a 1999, ko ta NABTEB ta makarantun koyon sana'a, ko ta NBAIS da ɗaliban makarantun Larabci da addinin Musulunci ke zanawa. Ana neman kiredit biyar, a zama ɗaya ko biyu. Inda mutane ke ruɗewa shi ne ba kowane biyar ba ne biyar. Yaro zai kawo sakamako da kiredit bakwai, gida a yi ta murna, a je neman gurbi a tarar biyun da ya rasa su ne ake buƙata. Mai son likitanci sai da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓa sai a zama ɗaya. Wanda ya haɗa rabin WAEC da rabin NECO ya fita daga layi tun kafin a duba makinsa. Mai son injiniya kiredit a aikin gona ba zai maye masa gurbin kemistiri ba. Mai son lauya, kamar yadda gidanmu ya koya da tsada, sai da adabin Turanci.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman kwasa-kwasan ɓangaren at, amma yana nan ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Bayan 'yan kwanaki ta fito ta yi ƙarin bayani cewa har yanzu dole kowane ɗalibi ya zana lissafi a jarrabawar fita. Na ji yara suna murna kamar an sauke musu dutse. Shawarata ga iyaye ita ce kada su bari yaro ya yar da lissafi saboda wannan sanarwa. Ɗan at da ke da kiredit a lissafi yana iya karkata zuwa wasu kwasa-kwasan kimiyyar zamantakewa idan ta farko ta ƙi. Wanda ba shi da shi ya toshe wa kansa wannan hanyar. Sannan dokar da aka sauya da sanarwa ɗaya, ana iya mayar da ita da sanarwa ɗaya.

Ƙofa ta biyu ita ce JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 don ta daidaita shiga jami'o'i. A 2010 ta haɗe jarrabawarta ta zama ɗaya ga mai neman jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi, kuma tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta. Darussa huɗu ne, maki 400, tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda dole ne ga kowa, sai 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Waɗannan ukun ba yaro ke zaɓa don ya fi iya su ba, kwas ɗin ne ke zaɓa masa. Likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya: fiziks, kemistiri, bayoloji. Injiniya: lissafi, fiziks, kemistiri. Kimiyyar kwamfuta tana son lissafi da fiziks. Akanta tana son lissafi da tattalin arziki. Duk wanda ya haɗa ba daidai ba, ko ya ci 300 na'urar tantancewa ba za ta saurare shi ba.

Ku dubi abin da wannan ke nufi ga yaron ƙauye da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Tambaya 180 cikin minti 120 na nufin kowace tambaya tana da daƙiƙa 40. Wanda zai ɓata minti goma yana neman inda zai danna, tambaya goma sha biyar ta wuce shi. A 2024, cikin sakamako sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hukumar ta fitar, kusan kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 ba, mutum 8,401 kacal suka kai 300. Ba na jin duk waɗannan yara daƙiƙai ne. Da yawansu ba su taɓa ganin manhajar JAMB ba, ba su san tana da jerin batutuwan da take tambaya a kai ba, sun dai sayi littafin tsofaffin tambayoyi wata biyu kafin jarrabawa suka hau hadda.

Ƙofa ta uku ta jami'ar ce kanta. Tun 2005 jami'o'i ke yin tasu tantancewar bayan ta JAMB, kowace tsangaya kuma tana da makin da take yankewa. A jami'o'in tarayya gurabe kashi uku ne: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda jihohin Arewa suka fi yawa a cikinsu. Yaron Katsina da ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello yana da dama ta fuskar da ba zai samu ba in ya nemi wata jami'a a Kudu maso Gabas. Wannan ilimi ne da ya kamata kowane ɗan aji biyar ya sani, amma sai ka tarar ko malaminsa bai sani ba. A kan wannan kuma akwai iyaka daga waje: majalisar da ke kula da aikin likita ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci da za ta ɗauka, majalisar ilimin shari'a kuma ta ƙayyade na lauyoyi. Dubbai ke nema, gurabe 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka.

Daga nan ne ake samun kalmar da ta fi kowace yawa a bakin ɗaliban jami'o'inmu: “ba ni aka yi.” Ka tambayi ɗalibi me yake karanta, ya faɗa maka, kafin ka ce komai ya ƙara da cewa ba shi ya nema ba, ba shi aka yi. Ya nemi likitanci aka ba shi ilimin tsirrai, ya nemi lauya aka ba shi tarihi. Ilimin tsirrai da tarihi ba su da laifi ko kaɗan. Ƙasar noma irin tamu tana buƙatar na farko, al'ummar da ke manta jiya kuma tana buƙatar na biyu. Laifin yana wurin shigarsu da yaro ke yi da baƙin ciki, ya yi shekara huɗu yana jiran ranar rabuwa da su, ya fita da digirin da ba ya ƙauna kuma bai ƙware a kai ba.

An taɓa yi, kuma ya yi kyau

Kada a ɗauka shiri tun daga ƙasa baƙon abu ne a wurinmu. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta duba ta ga asibitocinta da ma'aikatunta cike suke da ƙwararru daga wasu wurare, 'ya'yanta kuma ba sa samun shiga tsangayoyin kimiyya. Sai ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya ta buɗe ta 'yan mata a Taura. Ana tsamo yara ne da jarrabawa daga sauran makarantu tun suna tsakiyar sakandare, a kai su inda akwai ɗakin gwaje-gwaje da malamai, a ce musu ga inda aka dosa. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan waɗannan makarantu ya yi binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila. Wanda ya san Kano da Jigawa ya san cewa likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawan gaske a jihohin biyu daga Dawaki suka fito. Yaran ba su fi na sauran garuruwa ƙwaƙwalwa ba. An dai kama su da wuri, aka nuna musu hanya, aka ba su kayan tafiya.

Kafin nan ma akwai ajin HSC, shekara biyu bayan sakandare, inda ɗalibi ke zurfafa a darussa uku kafin ya shiga jami'a. Da aka sauya tsari ya tafi, amma ya bar magada. Tun 1976 akwai IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarta, daga baya a 2014 aka samu JUPEB ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas. Ɗalibi kan yi kamar shekara guda yana karanta darussa uku a matakin ajin farko na jami'a, in ya ci sai ya nemi shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Makarantar share fage ta Funtuwa da takwararta CAS ta Kano sun ɗora dubban 'yan Arewa a kan wannan gada. Haka mai difloma ta foliteknik da sakamako mai kyau, ko mai NCE, yana iya bin wannan ƙofa. Abin takaici shi ne yawancin yara ba sa jin labarin waɗannan hanyoyi sai bayan JAMB ta kayar da su sau biyu, an ɓata shekara biyu ana zaman jiran tsammani. Kuma ko IJMB ɗin ba ta gyara ɓarnar ranar raba aji: wanda ba shi da kiredit a kemistiri daga sakandare ba za ta mayar da shi likita ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu fito da maganar fili. Bayan jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare, ɗalibin lise, wato babbar sakandare, ya san ko layin A ya shiga, na adabi da harsuna da falsafa, ko na kimiyya, wanda daga baya ke rabuwa zuwa C mai nauyin lissafi da fiziks da D mai nauyin kimiyyar halittu. Harafin yana manne da takardar bak ɗinsa ta kammala sakandare, kuma da shi zai tunkari Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa. Su ma suna da matsalolinsu, amma aƙalla uba a Tasawa ya san cewa harafin da aka ba ɗansa yana da ma'ana.

A Amurka kuwa abin ya wuce shiri, ya kai ga ɗan sakandare yana fara karatun jami'ar tun bai fita ba. Tun 1955 ƙungiyar College Board ke gudanar da shirin AP, inda yaro ke ɗaukar darasi irin na ajin farko na jami'a a cikin makarantarsa, ya zana jarrabawa a watan Mayu, a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa suna yafe masa wannan darasi in ya samu 3 ko sama, wasu sai 4 ko 5, wasu manya kuma ba sa yafewa, sai dai su ɗauke shi shaidar ƙwazo. Akwai kuma tsarin da yaro ke rajista a sakandare da kwaleji lokaci guda. Jihar Minesota ta yi dokarsa tun 1985, 'yan aji biyun ƙarshe suna zuwa kwaleji su ɗauki darasi ba tare da sun biya kuɗin makaranta ba. A ƙasar da kuɗin jami'a ke jefa iyalai cikin bashin shekaru, kowane darasi da aka rage kuɗi ne aka tsira da shi. Ba ina cewa mu kwafo wannan ba. Makarantar da ba ta da malamin fiziks na sakandare ba za ta koyar da na jami'a ba. Abin ɗauka a wurinsu ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗi: tun shekarar farko ta sakandare ake zama da yaro a tsara darussan shekara huɗu, ana farawa daga inda yake son zuwa, a gangaro zuwa inda yake tsaye.

Daga sama a gangaro

Wannan shi ne duk sirrin. JAMB tana da kundi da ke ɗauke da kowane kwas, da jami'o'in da ke yin sa, da kiredit ɗin da ake nema, da darussa huɗun da za a zana, har da keɓantattun sharuɗɗan kowace jami'a. Kyauta yake a shafin hukumar na intanet, tare da manhajar kowane darasi, ana buɗe shi da wayar hannu. Muna buɗe shi a aji shida, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wurinsa na gaskiya zangon ƙarshe na aji uku ne, kafin a raba aji.

Uba ko uwa ko yaya ko kawu, duk wanda ya iya karatu a gidan, ya zauna da yaro ya tambaye shi abu uku da yake sha'awa, ba ɗaya ba. A buɗe kundin a duba ukun. Sau da yawa za a ga suna da darussan da suka yi tarayya a kai, sai a riƙe waɗannan da kyau. Yarinyar da ke son likitanci, darussan nan biyar nata su ne na haɗa magunguna da jinya da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da gashin ƙashi da ɗaukar hoton ciki, kuma da su ake shiga makarantun jinya da ungozoma. In ta san haka tun farko, ranar da makinta bai kai na likitanci ba ba za ta ji duniya ta ƙare ba, don ta riga ta san sauran ƙofofin da sunayensu. Asibitocinmu na karkara, inda mace kan ƙi zuwa awo saboda babu ma'aikaciya mace, suna jiran kowace ɗaya daga cikinsu.

Bayan an san darussan, sai a je makarantar a yi tambayar da ba mu saba yi ba: akwai malamin wannan darasi? Ba a takarda ba, a aji. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, kuma ana shiga? Yara nawa suka samu kiredit a kemistiri bara? Na san makarantun da ke da ajin sayans amma yaran ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ana saura mako guda jarrabawar aiki da hannu. Tambayar nan ba rashin kunya ba ce ga shugaban makaranta. In malamin babu, gara a sani a aji huɗu, lokacin da ake iya sauya makaranta ko neman lesin ko haɗa kai da sauran iyaye a ɗauko malami, da a sani a gaban kwamfutar JAMB. Masu tunanin za su rufe wannan giɓi da kai yaro santar da ake biya a rubuta masa amsa, su sani kiredit ɗin da aka saya ba ya zana JAMB, kuma ba ya zama a ajin farko na jami'a, inda ake sallamar waɗanda suka kasa.

A kuma yi lissafin shekaru da kuɗi tsakani da Allah. Likitanci shekara shida ne, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekarar bautar ƙasa. Lauya shekara biyar, sannan makarantar horar da lauyoyi. Injiniya da aikin gona biyar-biyar. Wannan in ba a yi yajin aiki ba ke nan. Na malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci. Ga 'ya mace musamman, wannan lissafi yana haɗuwa da maganar aure, kuma na ga gidajen da aka ƙi tattauna shi da wuri, sai yarinya ta kai aji uku a jami'a rigima ta tashi, karatun ya tsaya a tsakiya. In an zauna tun farko an yi magana, ana iya sanya ci gaba da karatu cikin abin da za a daidaita a kai da masu neman aure, ko a zaɓi hanyar da ta fi gajarta da idon basira. Akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024, akwai tallafin karatu na jihohi. Duk abubuwa ne da ake bincika tun yaro na aji biyar. A tuna kuma cewa ƙa'idar yanzu ita ce sai ɗan shekara 16 ake ba gurbi, don haka tsallakar da yaro aji don ya gama da wuri na iya ƙarewa da zaman gida.

Ɗaliban makarantun Islamiyya da na haddar Alƙur'ani su ma maganar ta shafe su, wataƙila fiye da kowa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna koyar da shari'ar Musulunci haɗe da dokar zamani, kuma yaron da ya tashi da Larabci da fiƙihu yana da jarin da ɗan boko zalla ba shi da shi. Abin da ke kayar da su kusan kullum Turanci ne. Makarantar da ta ba Turanci muhimmanci tun daga aji ɗaya ta buɗe wa ɗalibanta kotu da banki da jami'a; wadda ta bar shi sai shekarar ƙarshe ta taƙaita musu zaɓi.

Wani zai ce yaro ɗan shekara goma sha huɗu ina ya san abin da yake so? Gaskiya ne, da yawa ba su sani ba, wasu kuma za su sauya ra'ayi sau uku kafin su gama. Amma tsarin ba ya jiran su sani. Ko an zauna da yaro ko ba a zauna ba, za a raba ajin. Tunda haka ne, gara a raba shi da saninsa, a bar masa ƙofofi da yawa a buɗe gwargwadon iko, a kuma ba shi damar sauya aji a zangon farko in an ga bai dace ba, maimakon a ce ai an riga an rubuta suna a rajista. Hanya mafi sauƙi ta taimaka masa ya san kansa kuwa ita ce a nuna masa aikin da idonsa. Yaron da ke cewa likita zai zama, a kai shi ya wuni wurin wani ɗan'uwa ma'aikacin asibiti. Mai son injiniya ya je inda ake gini ko gyaran taransifoma ya ga yadda ake yi. Kusan kowace unguwa tana da nas da lauya da akanta da malamin gona. Wuni guda tare da su ya fi huɗubar shekara.

Kirana ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da na tsofaffin ɗalibai shi ne su ware rana ɗaya tak a zangon ƙarshe na aji uku. A kira iyaye, a yi bayani da Hausa. A buga shafukan kundin JAMB na wannan shekarar, don sharuɗɗa suna sauyawa, a liƙa a kowane aji. A gayyato tsofaffin ɗaliban makarantar da ke jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi da makarantar jinya su faɗi yadda suka shiga da inda suka yi tuntuɓe. Shugaban makaranta kuma ya tashi a gaban iyaye ya faɗi darussan da ba shi da malamansu. Kuɗin wannan taro bai kai na walimar yaye ɗalibai da ake yi duk shekara ba.

Kai kuma mai karatu, in akwai yaro ko yarinya a gidanku da ke aji uku ko aji huɗu na sakandare, kira shi yau da daddare ka sa ya rubuta maka darussan da yake ɗauka a takarda, da abin da yake son zama. Ka buɗe kundin JAMB a wayarka, ku duba tare.